Tsufa Ya Cim Mana a Ikko, Har Yanzu Muna Cewa Ci-rani Muka Zo

Da zarar ciwo ya kwantar da dattijo a Agege ko Idi-Araba, shawarar farko da ke fitowa daga bakin dangi ita ce, "A mayar da shi gida." Ba a ji ta bakin likita ba, ba a ji ta bakin mai jikin ba, an riga an fara cigiyar motar da za ta tashi zuwa Kano ko Sakkwato. A ganina wannan magana tana cikin abubuwan da suka fi cutar da tsofaffinmu a Legas, domin ta zame mana uzurin ƙin shiri. Tunda a ranmu akwai inda za a kai tsoho ranar da ya gaza, ba ma damuwa da yadda yake wanka yau, ko abin da yake haɗiya da sunan magani, ko wacce take kwana a zaune a kansa.

Alhali Hausawa ba jiya suka zo Ikko ba. Tun 1863 Bature Glover ya tara dakarun da aka riƙa kira Hausawan Glover. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, cinikin goro da na shanu kuma suka raya Zangon Agege. Yau akwai dattijo ɗan shekara 70 da a Agege aka yanke masa cibiya, a nan aka binne mahaifinsa, Yarbanci a bakinsa sai ka rantse Bayerabe ne. In an ce a mayar da shi gida, wane gidan? Ko wanda ya zo da ƙuruciyarsa ya ƙarar da ƙarfinsa a dakon kayan gwari a Mile 12, ko gadi a Ikoyi, ko fawa a mayankar Oko-Oba, sa'o'insa na ƙauye yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Wani ma ƙauyen nasa a Zamfara ko Katsina 'yan bindiga sun tashe shi, 'yan'uwan da ake son a damƙa musu shi su ma a raɓe suke a gidan wani.

Ban raina hujjar masu cewa a koma ba. A Arewa akwai tsakar gida, akwai zaure, akwai inuwar da tsoho zai shimfiɗa tabarma jama'a su zo gaishe shi, kuma hannayen da za su taimaka sun fi yawa. Dattijon da ya ce shi a garinsu yake son ƙarasa kwanakinsa, a rufe shi kusa da iyayensa, haƙƙinsa ne a cika masa buri. Matsalata da lokacin da ake yanke shawarar ne da kuma wanda ke yanke ta. Ana jira sai ɓarin jiki ya shanye, sannan a naɗe mutum a kujerar baya a yi tafiyar kusan kilomita 1,000 da shi, cikin zafi da ramuka da shingayen jami'an tsaro, babu juyi, babu fitsari a kan kari, an baro katin asibitinsa da likitan da ya san tarihin ciwonsa a baya. Da yawa daga irin wannan tafiya, gaskiyar magana, sauke nauyi ce aka lulluɓe da sunan gata. Wanda zai koma, a tambaye shi tun yana tafiya da ƙafarsa. Wanda zai zauna kuwa, kuma su ne ke ƙaruwa kowace shekara, sai mu koyi riƙon tsufa a cikin ɗakin haya na Legas, yadda yake.

Mu fara da banɗaki, don a nan ne ake yawan yin asarar da ba ta gyaruwa. Gidajen da yawancinmu ke haya irin waɗanda ɗakuna ke fuskantar juna ne, banɗaki ɗaya ko biyu a can ƙarshen lungu, gida goma na amfani da shi. Simintin kullum a jiƙe yake, damina ta sa masa gansakuka, masai na tsuguno ne, ga wuta ba ta da tabbas. Tsoho mai ciwon gwiwa zai tashi ƙarfe uku na dare da buta a hannu ɗaya, fitilar waya a ɗayan, silifas ɗinsa ya suɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a duniya kowace shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Ƙashin ƙugu in ya karye a wannan shekaru, sau da yawa daga nan ne kwanciya ke farawa, daga kwanciya sai gyambo da ciwon huhu. Maganin abin bai kai kuɗin ragon suna ba: ƙarfen dafawa da mai walda zai kafa a bango, kujerar roba ta zama yayin wanka, kujerar da aka huda tsakiyarta a ɗora kan masai, fitila mai caji a rataye a hanya, da fo mai murfi a ɗaki saboda dare. A goge gansakuka duk mako. Mai gida zai iya yin gardama a kan huda masa bango, amma an sha shawo kansa a kan abin da ya fi wannan.

Wannan banɗakin ne kuma ke sa tsofaffi ƙin shan ruwa. Inna za ta ce ba ta jin ƙishi, kuma da gaskiyarta, domin jin ƙishirwa na raguwa da shekaru. Amma akwai lissafin da ba ta faɗa: kada alwala ta yi ta karyewa, kada ta tashi jikarta da dare, kada ta tarar da layi. A zafin Legas na watan Fabrairu da Maris, wanda gumi ba ya bushewa, ƙarancin ruwa a jikin tsoho na jawo jiri, taurin bayan gida, ciwon mafitsara, har da ruɗewar da za a ɗauka gigin tsufa ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗaure shan ruwa da lokutan salla, kofi ɗaya ko biyu bayan kowacce, a fi yawaitawa da rana a rage bayan isha'i. Sai fa wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, shi maganar likita zai bi.

Sai wata ladabi tamu da ke kashe gwiwa a zahiri: "Baba, zauna ka huta." Ɗa na ganin abin kunya ne a ga mahaifinsa yana shara ko ya fita sayen goro da kansa. To, ƙarfin tsoka a jikin tsoho saurin zubewa yake in an daina aiki da shi, kuma dawo da shi wahala ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, tare da atisayen da ke daidaita tsayuwa ga 'yan shekara 65 zuwa sama. Mu ba sai mun nemi gidan motsa jiki a Lekki ba. Masallacin da ke da nisan minti biyar, in aka je aka dawo sau uku a rana, an samu minti talatin, an kuma samu gaisuwa da hira da labarin gari, waɗanda su ma abinci ne ga ƙwaƙwalwa. Aikin ɗa shi ne ya samo sanda mai roba a gindi, ya duba takalmin, ya haɗa shi da jika saboda kwata da 'yan Keke Marwa, ya bar shi ya tafi. Tsofaffin mata ne abin ya fi shafa, domin su ba su da wannan fita sau biyar. Hajiyar da aka kai ɗakin bene na biyu don ya fi iska, matakala ta fi ƙarfin gwiwarta, ta zama fursuna ba tare da kowa ya yi niyya ba. Gara ɗakin ƙasa mai zafi da take iya fita ta zauna a ƙofar gida, ta je islamiyya, ta tsince shinkafa, ta yi faɗa da jikoki.

Batun magani kuwa nan ne zuciyata ta fi ɓaci. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa dattijo ke shan ƙwayarsa mako biyu, ya ji garau, ya ajiye. In ka yi magana ya ce, "Ai na warke." Ba a warkewa, riƙe shi ake yi, kuma awo ne kaɗai ke nuna ko ya riƙu. Duk wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban yana bukatar ganin likita ko da yana jin zai iya ɗaukar buhu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya, farashin magunguna ya yi tashin da kowa ya ji a aljihunsa. Sai tsofaffi suka shiga dabara: raba ƙwaya biyu, shan ta yau a tsallake gobe, don kada su dami 'ya'ya. Ba za su faɗa ba. Mai jinya ne zai ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kati ya gane. Kuma babu kunya a ce wa likita ko mai harhaɗa magani, "Wannan ya fi ƙarfinmu, akwai irinsa mai sauƙi?" Yawancin magungunan hawan jini da na sukari, irin su amlodifin da metfomin, suna da samfuri masu araha da ke ɗauke da lambar NAFDAC.

A gefe guda kuma ga haɗin kemis da na masu tallar magani a faranti, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, "na ciwon jiki". A cikinsu ana yawan samun diklofenak ko ibufurofen, waɗanda in an daɗe ana sha suna cin ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini. Wani lokaci har da deksa, mai sa mutum ya ji ƙarfi ya yi kumatu, alhali tana tayar da sukari tana rarake ƙashi. A ɗora jiƙo da tsimi a kai, babu wanda ya san me ke karo da me. Ranar zuwa asibiti a kwashe komai a leda ɗaya, na Bature da na gargajiya, a zube wa likita a tebur. Faɗan da zai yi na minti biyu ne.

Abinci ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya san laifinsa. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, mu kuwa dunƙule nawa ke shiga tukunya ɗaya, ban da yajin da ake barbaɗawa? Karin kumallon dattijo a Agege shayi ne mai kauri da madarar gwangwani da sukari, da burodin da unguwar ta yi suna da shi. Ga mai ciwon sukari wannan kullum ba ƙaramin abu ba ne. Wake, ƙwai, kifi, zogale, alayyahu, daddawa a madadin rabin dunƙulen, duk suna kasuwa. In kuma an ga tsoho ya rage ci, a duba bakinsa kafin a ce rigima ce. Sau da yawa haƙori ne.

Mai ciwon sukari ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, kada ya taka ƙasa ba takalmi, kada kuma ya miƙa ƙafarsa ga masu yankan farce na yawo, duk da cewa 'yan'uwanmu ne. Ƙaramin yanka a ƙafar da jijiyoyinta suka daina ji shi ke zama gyambon da ake yanke ƙafa a kansa. Ranar kuma da baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin haɗiya na iya gagara abin ya wuce huhu. A kira lambar gaggawa, 112 ko 767, ko a nemi mota nan take zuwa babban asibiti. Addu'a a yi ta a hanya. Sa'o'in farko su ne ke raba wanda zai tashi da wanda zai kwanta shekaru, ga kuma cunkoson Legas da zai ci nasa rabon.

Akwai wani haɗari da ya fi tsanani a nan fiye da Arewa. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama in ta fita a ƙauye, kowa ya san 'yar gidan wane ce, za a riƙo hannunta a dawo da ita. A Legas titi biyu za ta tsallake ta zama baƙuwa. Masu wannan lalura kan manta yaren da suka koya da girma su koma na goyo, sai ga ta tana Hausa tsantsa a tsakiyar mutanen da ba sa ji, a birkice, wataƙila ba ɗankwali. An sha jin yadda jama'a ke taruwa a kan irin waɗannan tsofaffi a garuruwan ƙasar nan ana kiransu mayu. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba, ba kuma aljanu ba. A ɗinka mata 'yar takarda mai suna da lambar waya a jikin riga ko hijabi, a sanar da maƙwabta, Hausawa da Yarabawa, da mai shagon bakin layi.

Duk abin da na lissafa, wa ke yin sa? Mace ɗaya. Ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗan da ya fi kowa rashin bakin magana. Ita ce wanki, ita ce juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ita ce layin kati tun asuba, ga nata 'ya'yan, ga 'yar sana'arta ta ƙosai ko ɗinki da ta mutu a tsaye. Yayye maza suna Abuja ko Kano ko Saudiyya, su turo kuɗi ta waya, su bugo: "Ya jikin Baba?" Ba mai cewa ya naki jikin. In ta yi ƙorafi a ce, "Ki yi haƙuri, lada kike samu." To, in lada ne, me ya sa ake bar mata shi ita kaɗai? Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "uf" idan tsufa ya riske su a wurinka, da 'ya'yan take magana, ba da surukai ba. Matar ɗa in ta yi, kyautatawa ce, kuma a gode mata da baki da aljihu.

Akwai ma abin da ita ba za ta iya ba ko ta so. Dattijo ba zai gaya wa surukarsa ko 'yarsa cewa fitsari na yi masa gardama ba, zai yi shiru har mafitsara ta toshe. Tsohuwa ba za ta gaya wa ɗanta namiji abin da ke damunta a ƙasa ba, balle ya fassara wa likita. Wankan uba da tsarkinsa aikin 'ya'yansa maza ne, ko da kuwa Alhaji ne mai shago uku a kasuwa. Zuwa asibiti kuma a haɗa mace da mace, namiji da namiji.

Mai jinya ita ma jiki gare ta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, kuma a kan yawan azumi da tsayuwar dare ya faɗa masa haka. Macen da ta yi wata shida ba ta yi barcin awa biyar a jere ba za ta fara mantuwa da magani, ta fara tsawa, daga baya ta zauna tana kuka tana ganin ta zama muguwa. Gajiya ce kawai. Tana bukatar yini guda a mako da ba ita ke da alhakin kowa ba, ta je gidansu ko ta rufe ƙofa ta yi barci. Ta auna nata jinin duk ranar da aka auna na Baba. Wajen ɗaga mara lafiya ta lanƙwasa gwiwa maimakon baya, a shimfiɗa zani a ƙarƙashinsa mutum biyu su ja, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu zuwa dubiya kuma, da ke cika ɗaki a makon farko har sai an dafa musu abinci sannan su ɓace, da za su raba kansu, kowa ya ɗauki awa biyu a mako ya zauna da mara lafiya ita ta fita, da dubiyar ta yi amfani.

Gwamnati fa? A takarda akwai abubuwa. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, an amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa ta kuma tanadi asusu don masu rauni, ciki har da tsofaffi. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman don tsofaffi tun 2012. Jihar Legas na da inshorarta, Ilera Eko, wadda ta mazauna jihar ce, ba ta 'yan asali kaɗai ba. Hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa a 2019. Kaɗan ne daga cikin wannan ya iso ɗakin tsohon maigadi a Idi-Araba, duk da cewa asibitin koyarwa na LUTH a unguwarsa yake. Laifin hukuma a nan a fili yake, ko sanarwa da Hausa ba kasafai ake yi ba. Amma mu ma muna da namu. Mutum ya shekara talatin a Legas bai yi katin zama na LASRRA ba, bai yi rajistar inshora ba, wai shi baƙo ne. Harajin kasuwa kuwa kullum sai ya biya.

Ba gidan gajiyayyu nake kira a gina ba. Akwai na gwamnati a Yaba, amma Bahaushe ba zai kai uwarsa can ba, ni ma ba zan ce ya kai ba. Abin da nake nema yana hannunmu. Mun iya jana'iza: a rasu da asuba, kafin azahar an samu likkafani, an samu mota, an haƙa kabari, an tara kuɗi ba tare da an roƙi kowa ba. Fadar Sarkin Hausawa, kwamitin masallaci, ƙungiyar 'yan goro, ta mahauta, ta 'yan canji, duk suna da shugabanni da asusu. Wannan tsari ne ya kamata a matso da shi baya da shekara goma, ya riski mutum yana da rai. Kowane masallacin unguwa ya san tsofaffinsa da suna, ya san wanda ya kwana uku bai fito sahu ba. Ƙungiyar kasuwa ta biya wa dattawanta kuɗin Ilera Eko a dunƙule. 'Ya'yanmu haifaffun Legas da suka karanci aikin jinya, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, a ba su ɗan alawus su riƙa raka tsofaffi asibiti, su koya wa mata juyi da wankin gyambo a islamiyya.

Za a ce kuɗi zai shiga, rigima ta biyo baya. To, a fara da abin da ba ya bukatar ma'aji: na'urar awon jini guda ɗaya mai batir da littafi mai layi, a riƙa awo bayan sallar Juma'a, mata kuma ranar islamiyyarsu, duk wanda nasa ya hau a rubuta masa a takarda ya kai asibiti. Na'urar a bar ta a hannun ladan, don shi ne ba ya fashi.